Lambar NIN Ba Hajar Kasuwa Ba Ce

Wata muguwar sana'a ta kunno kai a garuruwanmu, kuma dole a kira ta da sunanta: cinikin lambar shaidar ɗan ƙasa. Wasu matasa na bi unguwa-unguwa, kasuwa-kasuwa, suna karɓar lambar NIN ta mutane da lambar banki ta BVN da hoton fuska, su miƙa musu 'yan canjin da ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Wani sa'in ko sisi ba sa bayarwa, sai su ce rajistar tallafin gwamnati ce. Wannan damfara ce tsagwaronta, kuma mai sayarwa da hannunsa yake haƙa wa kansa rami.

Shin mun manta wuyar da aka sha kafin a samu lambar nan? Tun daga Disamban 2020, da gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da NIN, tsofaffi da mata masu goyo suka riƙa bin layi tun asuba a ofisoshin hukumar NIMC. An ɗauki zanen yatsunka da hoton fuskarka, aka ba ka lamba mai alƙaluma 11 wadda za ta bi ka har ƙarshen rayuwa. Da ita kake riƙe layin wayarka, da ita ake yin fasfo, da ita ɗanka zai yi rajistar JAMB, da ita banki ke tantance ka. Wane hankali ne zai sa ka miƙa ta ga baƙon da ko sunansa ba ka sani ba?

Ka san abin da ake yi da ita? Ana buɗe asusu da sunanka a bankunan intanet, a zuba kuɗin sata, a kwashe. Ana yi wa layin waya rajista, a kira iyalan wanda aka sace, a nemi kuɗin fansa. Ana cin bashi a manhajojin rance, a bar ka da biya. Ranar da jami'an tsaro suka bi sawu, ɓarawon ba shi da suna a takarda, ƙofarka za su ƙwanƙwasa. Za a rufe asusunka, a tafi da kai a gaban 'ya'yanka, dangi su sayar da gona su ɗauki lauya. Wa zai yarda ba ka sani ba, alhali fuskarka ce a kwamfuta? Ko kotu ta wanke ka, wa zai wanke ka a bakin unguwa?

A 2025 hukumar EFCC ta fito fili ta yi gargaɗi kan dubban matasan da ke wannan harka, NIMC ma ta ja kunne. Saboda haka uzurin rashin sani ya ƙare. Talauci gaskiya ne, amma bai halatta sayar da mutunci ba. Kai kuma saurayi mai tara lambobin bayin Allah, ka sani kana da kaso cikin hakkin duk wanda aka zalunta da su.

Malamai da limamai, ku faɗa a kan mumbari. Masu unguwanni, ku hana dillalan nan zama a ƙofofinku. Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku inda kuɗin aljihunsu ke fitowa. Rajistar NIN kyauta ce, a cibiyar da hukuma ta amince da ita ake yin ta. Duk wanda ya zo da kuɗi yana neman lambarka, kada ka ba shi, kuma ka kai rahotonsa ga hukuma tun kafin ya shiga gidan maƙwabcinka.