Ko Mai Ɗaukar Hoto Yana da Izinin Ɓata Abin da Yake Ɗauka?

Murjanin da iyayenmu mata suke ratayawa a wuya ƙashin wata 'yar dabbar teku ne. Danginta ne suke gina tuddan murjani a ƙarƙashin ruwa, inda kifaye iri-iri suke fakewa. Waɗansu ba sa ƙaruwa fiye da santimita 1 a shekara.

Masu nitso da tulun iska a baya su ne suka kawo mana hotunan wannan ɓoyayyiyar halitta, mun kuwa gode musu. Amma a 1956 Jacques Cousteau, mutumin Faransa, ya fitar da fim ɗin da ya ci babbar lamba a birnin Cannes; a cikinsa ana ganin mutanensa suna fasa nakiya a kan murjani domin su ƙirga matattun kifaye. Daga baya shi kansa ya zama mai kare teku.

A ganina kyan hoto ba ya wanke wannan ɓarna, gama amanar halitta aka ba ɗan Adam, kamar yadda Littafin Farawa ya koyar. Yau ba a sa nakiya don hoto. Duk da haka, mai nitso da ya dafa murjani don kada hannunsa ya girgiza yana iya karya ginin shekara 10 a ƙiftawar ido.