Ranin Mawaƙi

Duk wanda ya taɓa tsara waƙa ko ya zauna rubuta littafi ya san wani lokaci mai nauyi, lokacin da zuciya takan bushe. A ɗauki alƙalami a ajiye, a taɓa molo a ji sautinsa kamar na baƙo. Tambayar ita ce, 'yan'uwa: wannan bushewa horo ce daga Mai ba da baiwa, ko kuwa tana cikin baiwar?

Mutanen Haɗeja suna da abin da za su ce a nan. Tun kaka da kakanni kogin yana cika da damina, ya malale fadamu har zuwa Nguru, sa'an nan ya janye da rani. Cikarsa ce ke kawo kifi da shinkafa, janyewarsa kuma ita ke ba manomi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ba makiyayi ciyawa. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ambaliya ta ragu, ruwa kuma ya riƙa gudana kaɗan-kaɗan har cikin rani. Mai kallo daga nesa zai ce an huta. Amma a inda ƙasa ta daina bushewa, nan kacalla ta kafu, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, ta zama mafakar jan-baki masu cin hatsi. Ashe ranin nan da ake ƙi yana wani aiki wanda ba a gani.

Haka nake ganin sha'anin mai fasaha. Baiti yakan zo masa kamar ruwa daga nesa, ba shi ya tono shi ba. Nasa aikin shi ne gyaran bakin gona: sauraro, auna kalma, soke layin da ya yi daɗi amma bai faɗi gaskiya ba. Wannan kuwa sai da shiru. Mu'azu Haɗeja, malamin makaranta, waƙoƙinsa da aka buga ba su cika babban littafi ba, duk da haka gargaɗinsa a kan giya da kiransa ga neman ilmi har yau ana karanta su.

Laifinmu, mu masu sauraro, ba ƙarami ba ne. Muna so mai tsara wa ƙungiyar mawaƙa ya kawo sabuwa kowane mako, kowane biki, kowace jana'iza. In ya ce ba ta zo ba, sai mu ce girman kai ne, ko mu fara raɗa cewa ya yi sanyi cikin bangaskiya. Shi kuma don kunya sai ya ɗauko tsohon kari ya jera masa kalmomin da bai ji a ransa ba. Jama'a su tafa, ganga ta amsa, shi kaɗai ya koma gida ya san cewa abin da ya sa a bakinmu yau, gaban Allah, ba daga zuciyarsa ya fito ba.