Wuƙar Likita Da Tumbin Mutum: Magani Ne Ko Sauya Halitta?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu jikunanmu amana. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, akwai tambayar da ta fara yawo tsakanin samarinmu, daga Gazara har Maƙarfi da Hunƙuyi, tun da wayar hannu ta shiga aljihun kowa. Wai mutum ne tumbinsa ya fito, ko fatar cikinsa ta zubo, shin ya halatta likita ya rage masa? In ya halatta, wane aiki zai zaɓa? Wasu sun ce haram ne ɗungurungum, wasu sun ce jikinka ne, yi yadda ka so. Duka biyun sun yi gaggawa. Ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba, saboda haka bari mu fara duba abin da likitan yake yi.

Aiki na farko shi ne zuƙar kitse. Ana huda fata, a zura siririn bututun ƙarfe, a zuƙo kitsen da ke kwance ƙarƙashinta. Fatar kuwa ba a taɓa ta, wanda tasa ta riga ta saki sai ta ƙara zubowa. Na biyu ya fi girma: a tsaga ƙasan ciki daga wannan ƙugu zuwa wancan, a yanke fatar da ta yi yawa, a ɗinke tsokar ciki ta ɗame, a fitar wa cibiya sabuwar ƙofa. Tabon ba ya ɓacewa, kuma sai mutum ya yi kamar mako 6 bai ɗauki abu mai nauyi ba. Kai da kake lodin damman rake a kasuwar Maƙarfi, ka lissafa wannan. Na uku shi ne a yanke fatar da ta rataya kamar bante kawai, a bar tsoka yadda take. An fi yi wa wanda ya yi mummunar ƙiba sa'an nan ya rame.

To, ga abin da masu talla ba su faɗa maka. Tumbin namiji, galibi, kitsensa yana can ciki ne, bayan tsoka, ya nannaɗe hanji da hanta. Shi ne wanda ke tafiya da ciwon sukari da hawan jini, kuma babu ko ɗaya cikin ayyukan nan uku da ke kai gare shi. A shekarar 2004 likitoci a Amurka sun zuƙe wa wasu mata masu ƙiba kitse mai yawa, suka auna su bayan makonni, suka tarar sukarin jininsu da hawan jininsu ba su gyaru ba. Watau an ɗebe teɓar da ido ke gani, cutar tana nan zaune. Wannan tumbin maganinsa ƙafa da baki ne. Hadisin Miƙdam ɗan Ma'adikariba, wanda Tirmizi ya ruwaito, ya raba ciki gida uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Mu kuwa tuwo ya ci gida biyu da rabi, lemon kwalba ya cinye saura, sa'an nan ko masallacin bayan gida sai a kan babur.

Yanzu sai hukunci. A Suratun Nisa'i, aya ta 119, Allah Ya ba mu labarin alwashin Shaiɗan cewa zai umarci mutane su sauya halittar Allah. A hadisin Ibn Mas'ud, cikin Buhari da Muslim, an la'anci masu tsaga jiki su zuba shuni da masu goge haƙora su yi wushirya, kuma an ɗaure la'anar da sharaɗi: don neman kyau. Amma dubi Arfaja ɗan As'ad. An yanke masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Zinariya fa, wadda aka haramta wa maza! Ka ga ke nan kawar da aibi daban, ƙarin ado daban. A kan wannan tushe ne aikin da ake yi a asibitin Noma na Sakkwato tun 1999, inda ake gyara fuskokin yaran da ciwo ya cinye, ba ya bukatar dogon bincike. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Maleshiya a 2007, ta halatta zuƙar kitse idan ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya sai tiyata, kuma an amince daga cutarwa.

Saboda haka wanda fatarsa ta rataya, ƙarƙashinta yana ƙuraje da gyambo da wari, fitsari yana maƙalewa tsarki yana gagararsa, ko ƙaba ta fito masa a cibiya, wannan majinyaci ne. Ya tafi asibitin koyarwa na Shika ya ga likitocin tiyata, kada kunya ta hana shi. Kuma ya tsaya a kan aikin da zai kawar da cutar, domin lalura ana auna ta ne da gwargwadonta. In yanke fatar da ta rataya ya isa, mene ne na ɗame tsoka? Ka tuna kuma wurin da za a tsaga yana ƙasan cibiya, al'aura ce, bukata ce kawai ta halatta buɗe ta.

Wanda kuwa lafiyarsa lau, so yake kaftani ya zauna masa, me zai ce wa Ubangijinsa in bai farka daga allurar barci ba? Kada ka ɗauka wasa ne. Gudan jini kan daskare a ƙafa ya tafi huhu, rauni kan ruɓe. Stella Obasanjo, matar shugaban ƙasa mai ci a lokacin, ta rasu a watan Oktoba na 2005 bayan aikin zuƙar kitse a wani asibitin kuɗi a ƙasar Sifen. Bututun ya huda mata hanji da hanta. A 2009 kotu a can ta yanke wa likitan ɗaurin shekara 1 saboda sakaci. Ba kuɗi ne ya gaza mata ba, ba kuma Turai ce ba ta kai ba. Ina ga wanda zai sayar da gonar gado ya kwanta gaban likitan da ya gani a talla?

Saura ku angwaye. Mace ta haifa maka uku ko huɗu, cikinta ya saki, tsokar ta rabu, sai ka riƙa nuna mata hotunan matan waya kana gori har ta fara tambayar kuɗin aiki. Kai ne ka tura ta, kuma za a tambaye ka. In tana ciwon baya ko ƙaba saboda rabuwar tsokar, kai ta asibiti, nauyinka ne. Amma ka sani likitoci da kansu suna cewa a jinkirta ɗame ciki sai an gama haihuwa, domin sabon ciki yana iya warware ɗinkin, a koma gidan jiya da tabo a kai.