Kuɗin Kiɗan Daren Asabar

Ranar wata Lahadi bayan La'asar muna zaune a ƙofar masallacin layinmu, muna lissafin buhunan waken da aka sauke mana daga Azare, sai ga samari uku sun yi sallama sun durƙusa. Mun san su, mun san iyayensu a gida. Ɗaya tela ne ɗan cikin garin Azare, ɗaya ɗan acaɓa daga Chinade, na ukun mai gyaran waya, mutumin Madara. Telan ya ce, "Baba Liman, ƙara muka kawo, amma muna jin nauyi."

Ashe tun bayan ƙaramar salla, duk daren Juma'a da na Asabar suna zuwa wani otal a bayan gari inda ake sayar da giya, suna kiɗa. Tela ke danna fiyano, ɗan acaɓa ke riƙe da kalangu, mai gyaran waya ke waƙa. An yi da su a kan naira dubu 15 kowane dare, ban da liƙi. Dare shida ke nan ba a ba su ko kwabo ba. Da suka matsa, mai otal ɗin, wanda ɗan'uwanmu ne Musulmi, ya ce musu kuɗin kiɗa haramun ne, su je su tambayi kowane malami. To ga su sun zo tambaya.

Kafin mu ce komai muka bar su suka ba da labari, don yawancinmu ba mu taɓa sanin yadda daren nan yake ba. Suna fita bayan Isha'i, fiyanon a cikin buhu kada a gane. Sifika haya suke ɗaukowa, kuɗinta daga aljihunsu. Wani dare wuri ya cika, wani dare su yi wa mutum biyar kiɗa da kujeru. Janareta kan mutu ana tsakiyar waƙa, sai kalangu kaɗai ya riƙe fili har a tayar. Wanda ya bugu ya sa a maimaita masa waƙa ɗaya sau huɗu, in an ƙi ya jefo kwalba. Ɗan acaɓan ya nuna mana tabo a goshinsa. Sau da yawa a maimakon kuɗi sai a turo musu kwalabe a ce ladansu ke nan, su kuwa ba su sha. Ƙarfe biyun dare suke tashi. Kuma, abin da ya fi tsaya mana a rai, da asuba muna ganinsu a sahun baya. Mun daɗe muna yaba musu wannan sammako, ba mu san ko runtsawa ba su yi ba.

Muka tambayi mai waƙar, don me? Muna jiran ya ce talauci. Sai ya ce, "Baba, wallahi gyaran waya ya fi kawo kuɗi. Amma in na ɗaga murya na ga wuri ya yi tsit, ba abin da ya kai wannan." Ba mu ji daɗin amsar ba, amma mun gode da bai yi mana ƙarya ba.

Hukuncin wurin ba ya buƙatar dogon bincike. Duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a makarantar zaure ya san ta hana sauraron kayan kiɗa da gangan, kuma sauƙin da malamanmu na Malikiyya suka yi a kan ganga ce ta bikin aure. Shehu Usmanu ma a Kitabul Farƙi ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin abin da ya zargi sarakunan zamaninsa da shi. Akwai waɗanda suka sassauta, irin su Imam Gazali a Ihya'u, amma shi ma ya ɗaure sassaucin da wuri da lokaci da abokan zama. Wurin da ake zuba giya ya fita daga sassaucin kowa. Mun faɗa wa yaran haka ba tare da kwana-kwana ba, suka sunkuyar da kai.

Inda muka rabu mu dattawa shi ne a kan kuɗin. Wani Alhaji a cikinmu, mai ilimi ne kuwa, ya ce ijara a kan abin da aka haramta ba ta ƙulluwa, don haka ba bashin da za a bi, kuma in liman ya taka ya je karɓo kuɗin kiɗa to ya sa wa abin albarka ke nan. Maganarsa tana da tushe a littafi, ba mu musa ba. Sai dai a duba wanda zai amfana da ita. Mutumin nan shi ya kira yaran, kiɗansu ya zaunar masa da mashaya har dare ya raba, ya sayar da giyarsa ya ƙirga riba. Bai tuna da haramci ba sai ranar biya. In muka ce ba a binsa komai, ya haɗa biyu: ya ci moriyar saɓon, ya riƙe kuɗinsa, kuma da fatawarmu ya riƙe. Shi ya sa wasu malamai suka ce irin wannan lada, ko da bai halatta ga mai karɓa ya ci ba, ba a bar wa wanda ya riga ya sami abin da ya biya dominsa; fitar da shi ake a ba mabuƙata.

Kuma mu ɗan dubi kanmu, jama'a. Mu da muka taso a ƙasar Katagum, wa bai bi algaita da kakaki da tambari ba ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarki? Wace motar kaya ce ta taso daga Azare ta biyo Kano ta gangaro Kudu a zamaninmu ba kaset ɗin Shata a ciki? Shatan nan bai taɓa ɓoye irin wuraren da yake wasa ba, duk da haka Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, kuma tun rasuwarsa a 1999 ba mu kiransa sai da Dokta. Da jihar Bauchi ta fara aiki da Shari'a a 2001 mun yi murna, har yanzu muna yi, mashayar da ke fili ta rufe a garuruwanmu. Amma son kiɗa bai rufe ba. In za mu aurar da 'ya, yaran nan muke aika wa su zo su yi wa mata wasa, mu biya su rabin kuɗi, sannan in ɗayansu ya turo neman aure gidanmu mu ce ba mu ba maroƙi. Mai otal bai ƙirƙiro wannan hali ba, a wurinmu ya gani.

Wannan ba ya wanke yaran. Baligai ne, da ƙafarsu suka je. Amma laifin mutum ba ya mayar da guminsa ganima ga duk wanda ya ga dama. Da haka ne, da sai mu ce mai shago ya riƙe canjin mashayi.

Ranar Talata da hantsi mu biyu muka je, muka tsaya a bakin ƙofa, ba mu shiga ba. Ya fito yana ta "Allah gafarta Malam". Muka ce mun ji ya koma ba da fatawa, shi ne muka zo ɗaukar karatu. Ya yi dariyar yaƙe, ya kawo zancen kasuwa ba ta tafiya. Ƙarshe dai ya ƙirgo na dare huɗu, dubu 60, ya ce sauran sai wata ya mutu. Har yau watan bai mutu ba.

Muka danƙa wa yaran, muka gaya musu abin da malamai suka ce game da irin wannan kuɗi, muka bar su da Allah. Suka biya mai sifika bashinsa. Ɗan acaɓan ya ce shi ya bar otal, sai dai biki. Telan kuma ya ware dubu biyar ya ce a sa a asusun gyaran rufin masallaci. Alhaji ya ce ba za a sa ba, ladan ya ce damina ta kusa kuma kwano na yoyo. Kuɗin na nan cikin ambulan a aljihun ladan, an ce a sake zama ranar Juma'a.