Zaɓen Littafin Fiziks da Tambayar Manufar Neman Ilimi

Duk ɗalibin da yake son karanta likitanci ko injiniyanci a jami'o'in Nijeriya sai ya bi ta ƙofar jarrabawar da hukumar JAMB take shiryawa, wato hukumar da aka kafa a shekarar 1978 domin daidaita shigar ɗalibai manyan makarantu, kuma fiziks yana cikin darussa huɗu da irin wannan ɗalibi zai amsa tambayoyi a kansu. Fiziks shi ne reshen kimiyya da yake nazarin motsi da ƙarfi da zafi da haske da sauti da lantarki, yana auna su da lissafi, yana tabbatar da su da gwaji. Ana yin jarrabawar a kan kwamfuta, tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, 60 daga Turanci, 40 daga kowane ɗaya cikin sauran darussan uku, abin da yake nufin kowace tambaya ba ta da fiye da daƙiƙa 40 idan aka raba lokacin daidai. Wannan ƙuncin lokaci ne yake sa ɗalibi ya tsaya gaban mai sayar da littattafai yana tambayar wanne zai saya, alhali ƙarƙashin tambayarsa akwai wata wadda ta girme ta, wadda malaman Musulunci suka daɗe suna tattaunawa: me ake nufi da cewa mutum ya san abu, kuma daga wa ya kamata ya ɗauke shi?

Abin da ɗalibin yake tararwa a kasuwa iri uku ne. Akwai cikakkun littattafai da suke gina darasi daga tushe, irin su New School Physics na Anyakoha, da Senior Secondary Physics na Okeke da Anyakoha, da Ordinary Level Physics na Abbott wanda aka rubuta wa 'yan makarantar Ingila amma ya daɗe a hannun malaman Afirka ta Yamma, da Advanced Level Physics na Nelkon da Parker wanda zurfinsa ya wuce bukatar wannan mataki. Akwai ƙananan littattafan taƙaitawa da suke jera ƙa'idojin lissafi ba tare da nuna inda suka samo asali ba. Sannan akwai kundin tambayoyin shekarun baya tare da amsoshinsu, a takarda ko a manhajar waya. Kowane iri yana ɗauke da wata fahimta game da ilimi, ko marubucinsa ya furta ko bai furta ba: na farko yana ganin ilimi gini ne da ake ɗora shi bulo bisa bulo, na biyu yana ganinsa jerin sakamako ne da za a haddace, na uku kuwa yana ganinsa ƙwarewa ce wajen gane salon mai tambaya.

Ibnu Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi magana a kan wannan matsala a cikin Muƙaddima, littafin da ya rubuta a 1377, kuma ya ware mata babi biyu da suke kusa da juna. A na farko ya nuna cewa yawan wallafe-wallafe a fanni ɗaya yana hana ɗalibi kaiwa ga fannin, domin zai ƙarar da rayuwarsa yana bin bambancin kalmomi da hanyoyin marubuta alhali ma'anar ɗaya ce, ya kuma buga misali da tarin sharhohin da aka yi wa Mudawwana a fiƙihun Malikiyya. A na biyu ya soki yawan muhtasarai, wato littattafan da suke matse ilimi mai faɗi cikin kalmomi kaɗan domin sauƙin hadda, yana mai cewa suna jefa wa mafari ƙarshen ilimi tun kafin ya shirya karɓarsa. Abin lura shi ne cututtukan biyu sukan haɗu a jikin ɗalibi ɗaya a yau: ya tara littattafai biyar da kwafe-kwafe masu yawa a wayarsa bai kammala ko ɗaya ba, idan jarrabawa ta ƙarato kuma ya watsar da su duka ya rungumi ɗan littafin taƙaitawa.

Ana iya ganin illar wannan a tambaya guda. Idan aka saki dutse daga tsawon mita 20, aka ɗauki cewa saurin faɗuwarsa yana ƙaruwa da mita 10 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa kamar yadda aka saba ɗauka a jarrabawa, zai kai ƙasa cikin daƙiƙa 2. Ɗalibin da ya haddace wannan amsa daga kundin tambayoyin baya, idan aka mayar da tsawon mita 80, zuciyarsa za ta raya masa cewa tunda tsawon ya ninka sau huɗu, lokacin ma ya ninka sau huɗu, sai ya zaɓi daƙiƙa 8. Wanda ya fahimci cewa dutsen yana ƙara sauri muddin yana faɗuwa, har nisan da yake ci yana tafiya ne da lokaci a ninka shi da kansa, ya san amsar daƙiƙa 4 ce kafin ya taɓa alƙalami. Su biyun sun ga ƙa'ida ɗaya a shafi ɗaya, amma ɗayan ya riƙe lafazinta ne kawai, ɗayan kuma ya mallaki abin da Ibnu Khaldun yake kira malaka, wato ƙwarewar da ta zauna a zuciya har mai ita yana iya sarrafa mas'alar da bai taɓa gani ba.

Tsarin karatun zaure a ƙasar Hausa ya san maganin wannan tun da daɗewa, domin almajirin fiƙihu ba ya fara da Muhtasar na Halil. Yakan faro daga Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya kai Risala, kuma ba ya barin littafi sai ya sauke shi a gaban malami. Zarnuji, marubucin Ta'alimul Muta'allim wanda ake karantawa a zaurukan malamai har yau, ya keɓe fasali ga zaɓen ilimi da malami da abokin karatu, ya kuma yi wa ɗalibi nasihar ya yi shawara kafin ya zaɓa, idan ya zaɓa kuma ya daure a kan malami ɗaya da littafi ɗaya, kada ya bar shi guntu. Hikimar wannan nasiha ta shafi fiziks kai tsaye, saboda babukansa suna dogara da juna: wanda bai fahimci ƙarfi da aiki da makamashi ba zai yi tuntuɓe a babin zafi, ya sake yin tuntuɓe a babin lantarki, kuma marubuci ɗaya da aka bi daga farko zuwa ƙarshe shi ne yake nuna wa mai karatu wannan sarƙa.

Sai dai akwai bambanci da bai kamata a rufe ido a kansa ba. A ilimin riwaya, ingancin magana yana rataye ne da amincin wanda ya kawo ta, shi ya sa magabata irin su Ibnu Sirin suka yi gargaɗin mutum ya duba daga wa yake karɓar addininsa. A fiziks kuwa littafi shaida ne kawai, hukunci yana hannun gwaji da lissafi. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya yi aikinsa a Alƙahira, ya rushe tsohon ra'ayin cewa ido ne yake fitar da haske zuwa ga abin da ake gani, ya kuma rubuta littafi musamman a kan shakkunsa game da maganganun Baɗalimus, tsohon masanin taurari, inda ya nuna cewa mai neman gaskiya ba ya miƙa wuya ga marubuci don girman sunansa. Ɗalibin da ya karanta cewa haske yana karkata idan ya fito daga ruwa zuwa iska, har tafki mai zurfin mita 4 yakan bayyana kamar mita 3 ga mai leƙawa daga sama, yana iya jefa tsabar kuɗi cikin bokitin ruwa ya ga ta ɗago da idonsa. Haka nan amsoshin da ake bugawa a bayan kundin tambayoyi ba su kuɓuta daga kuskure ba, kuma wanda zai iya gano kuskuren shi ne wanda ya warware mas'alar da hannunsa. Saboda haka dogaro da littafi ɗaya mataki ne na farko da ba makawa daga gare shi, amma manufarsa ita ce ya kai ɗalibi inda zai iya bincikar littafin kansa.

Mai ƙalubalantar wannan ra'ayi yana da hujja mai nauyi. Zai ce guraben jami'a kaɗan ne, masu nema suna da yawa, kuma yaron da mahaifinsa ya sayar da buhun masara ya biya masa kuɗin rajista ba shi da sararin yin falsafa; abin da yake bukata maki ne. Wannan magana gaskiya ce, kuma neman cin jarrabawa ba aibi ba ne a addini. Imam Gazali a cikin Ihya'u ya sanya likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato wajiban da idan babu mai yin su a cikin al'umma kowa ya yi laifi, kuma ƙofar da take kaiwa ga wajibi ba a raina ta. Amma hujjar tana rushewa a wuri biyu. Na farko, mai tsara tambaya yakan canza lambobi da salo, don haka fahimta ce hanyar da ta fi aminci zuwa ga makin da ake nema. Na biyu, jarrabawar ta sa'o'i biyu ce, abin da ke bayanta kuwa shekaru ne na karatu da aikin da rayukan mutane za su rataya a kansa, ko gada ce ake ginawa ko na'urar asibiti ake sarrafawa. Wanda ya shiga da hadda zalla ya jinkirta faɗuwarsa ne zuwa ajin farko na jami'a, inda ake sake karanta fiziks da zurfin da ba ya karɓar zato.

Daga wannan ana iya fitar da tsari mai sauƙi. Ɗalibi ya fara da manhajar da hukumar JAMB take fitarwa, wadda take bayyana batutuwan da za a tambaya tare da jerin littattafan da ta ba da shawarar a duba, ya mayar da ita ma'aunin kowane littafi. Ya zaɓi cikakken littafi ɗaya da harshensa bai fi ƙarfinsa ba, bayan shawara da malamin da ya san matakinsa, ya bi shi babi bayan babi yana warware darussan aikin da takarda da alƙalami. Littafi na biyu a koma gare shi ne kawai inda bayanin na farko ya gaza. Tambayoyin baya su zo a ƙarshen kowane babi a matsayin sikeli, a yi su da agogo a gefe, ɗan littafin taƙaitawa kuma mafi amfaninsa shi ne wanda ɗalibin ya rubuta da hannunsa bayan ya fahimta.

Nauyin wannan zaɓi bai tsaya a kan ɗalibi shi kaɗai ba. Malamin da yake tallata littafi don ribar da zai samu, da mai shagon da yake miƙa wa yaro gurɓataccen kwafi mai shafukan da ba sa karantuwa, da mai darasin yamma da yake yi wa iyaye alkawarin maki ba tare da karatu ba, duk an nemi shawararsu, kuma wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Ya kamata iyaye da malamai su tambayi yaro babi nawa ya kammala da mas'ala nawa ya warware da kansa, maimakon littafi nawa ya mallaka, domin littafi ɗaya da aka fahimta daga bango zuwa bango ya fi goma da aka taɓa samansu aka ajiye.