Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Wanda ya yi ƙuruciya a ƙauyukan yammacin Zamfara ba sai an kwatanta masa taura ba. 'Yar itace ce ta daji, mai ɗan faɗi kamar an danne ta da tafin hannu, ɓawonta ruwan ƙasa, cikinta gari-gari mai kore-kore da zaƙi, ga zare da ya nannaɗe ƙwallo mai taurin tsiya. Ba a haɗiye ta, ba a fasa ta da haƙori, gwaguya ake yi a hankali ana juya ta a baki. Guda ɗaya ta ishi kunci. Yaron da zari ya sa ya cusa biyu za ka gan shi kumatu a kumbure, yawu na dalala, harshe ya rasa wurin motsi, ƙarshenta ya tofar da su duka a ƙasa. Nan Bahaushe ya tsinci maganarsa.

Abin da ya dawo mini da ita kawuna ne, tsohon hedimasta da ke zaune a Gummi. Da ya ajiye aiki, haƙƙinsa ya shigo hannu, sai ya ce shi kam burinsa ɗaya ne: ya samu tsohuwar mota irin ta zamanin samartakarsa, ya tashe ta da kansa, sannu a hankali, har ta koma kamar ranar da aka fito da ita. Ya baza cigiya. Ba a yi wata biyu ba labari ya zo daga wuri biyu. A Anka akwai Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, doguwar nan mai kujeru layi uku, tana kwance ƙarƙashin dogon yaro, tayoyinta sun nutse cikin rairayi. A Bukkuyum kuma akwai Mercedes 200, Marsandi ke nan, a rumfar gidan wani attajiri da ya rasu, an lulluɓe ta da tamfol.

Duk wanda ya san motocin nan biyu ya san dalilin da Kawu ya kasa barci. Fijo 504 ta fara fitowa a Faransa a 1968, amma nan ƙasar ta zama 'yar gida. Kamfanin haɗa Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ya fara aiki a 1975, ya kuma ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, shekaru da dama bayan Faransawa sun bar ƙera ta. A 1975 ɗin dai ta lashe tseren Safari na Kenya, wanda ake yi cikin ƙura da taɓo. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da ita motar manyan jami'ai, direbobin tasha kuma suka mai da ita jakar hanya. Ita ta yi ta jigilar mutane da buhuna tsakanin Gummi, Daki Takwas, Anka da Gusau tun ana cikin tsohuwar jihar Sakkwato, kafin a yanko Zamfara a 1996. Marsandi kuwa, samfurin da Jamusawa suka fara fitarwa a 1976, motar alhazai ce da manyan 'yan kwangila. Rufe ƙofarta kaɗai, wannan ƙarar mai nauyi, ya isa ya gaya maka cewa mai ita ba ya cin bashi.

Kuɗin da aka yanka wa kowace bai taka kara ya karya ba, domin gawa ce ake sayarwa. Nan shaiɗan ya samu ƙofa. Kawu ya kira ni ya ce, "Ɗana, na yi lissafi, abin da ke hannuna ya isa in ɗauke su duka. Ai gida biyu maganin gobara." Na ce, "Kawu, a bari mu ji ta bakin mai gyara tukuna."

Bakaniken dattijo ne da ya ƙare rayuwarsa a ƙarƙashin Fijo. Ya saurara har Kawu ya gama, sannan ya goge hannu da tsumma ya ce, "Malam, gidan da aka gama ginawa shi ka maganin gobara. Kango biyu ba su hana ruwa dukan mutum. Wagga sana'a tamu, taura biyu ba ta taunuwa."

Na daɗe ina juya amsar nan, domin ta warware mini abin da nake ɗauka saɓani ne tsakanin karin maganar biyu. Ashe kowace da muhallinta. Gida biyu magana ce a kan abin da ka riga ka mallaka, wanda ba ya neman komai daga gare ka sai ranar buƙata. Taura kuwa magana ce a kan abin da ke neman ƙarfinka yanzu-yanzu, kuma ba ya jira. Tsohuwar mota tana cikin kashi na biyu. Ranar da ka biya kuɗinta, ranar ka fara biya.

A duba hannayen da za ta bi. Bakanike zai sauke injin ya duba fistin da zobbansa, ya wanke kafireta, ya gwada giya da kuloci. Mai walda zai yanke inda tsatsa ta ci ya ɗora sabon ƙarfe. Mai waya zai bi wayoyin da ɓeraye suka yi shekaru suna gwaguya. Sai mai fenti, sai mai ɗinkin kujera, sai taya huɗu da batir. Kowane da kuɗinsa, kowane da "dawo jibi" ɗinsa. Kuma motar da aka kwance aka bari ta fi wadda ba a taɓa ba lalacewa: noti ya ɓace, ƙura ta shiga injin da aka buɗe, yaran gareji su ari wani abu don wata motar su manta. Wanda ya raba kuɗinsa biyu zai kai kowace rabin hanya, ya tsaya, damina ta sauka a kansu. Gidaje nawa ne a garuruwan nan ke da irin wannan gawa a ƙofar gida, kaji na ƙwai a cikinta, yara na wasa da tsohon batir? Mutanen Anka da Bukkuyum kuwa, tun abin da gubar dalma ta yi wa yara a Bagega da 'Yargalma a 2010, ba sa buƙatar wa'azi a kan haɗarin dalmar da ke cikin batir.

Wani abu da ya kamata a lura da shi: karin maganar ba ta aibata taura ba, ba ta kuma ce wannan ta fi waccan zaƙi ba. Baki ta auna. Mutane kan ɗauke ta tsawatarwa ce ga mai haɗama kawai, ni kuwa ina ganin ta fi haka zurfi, domin tana tilasta wa mutum ya san girman bakinsa kafin ya miƙa hannu. Bakin Kawu a nan shi ne fanshonsa, da shekarunsa, da masu gyaran da ke kusa da shi, da nisan da zai yi kafin ya samu kayan gyara.

Da aka auna da wannan mudu, sai zaɓin ya fara bayyana. Kayan Fijo, sabo da na hannu, ana samunsu a Gusau da Sakkwato, in ya yi wuya a aika Panteka a Kaduna ko Kofar Ruwa a Kano. Kusan kowane tsohon bakanike a yankin ya san cikinta kamar yunwar cikinsa. Marsandi ta fi ta ƙarkon jiki, wannan ba gardama, amma tana son mai gyaran da ya san ta, kuma ƙaramin abu in ya lalace sai a yi makonni ana cigiya. Ga hanyoyinmu yadda suka zama, ba kowace tafiya ake yi don neman ƙarfe ɗaya ba. Man fetur kuma, tun da aka janye tallafi a 2023, ba ya raga wa kowacce.

Ba zan ɓoye ba, ni zuciyata na wajen Marsandi. Da aka yaye tamfol ɗin, fentinta na ƙyalli kamar an wanke ta jiya. Dattijon bai ko kalli fentin ba. Ya kwanta a ƙasa da tocila da sukundireba, ya soki wurin da ake kafa jak, ƙarfen ya rufta kamar busasshiyar waina. Ya ɗaga shimfiɗar ƙafa, ya nuna mana alamar ruwan da ya taɓa kwana a ciki. Kallon kitse muke yi wa rogo. Sannan wata matsalar ta ɓullo wadda ba ta ƙarfe ba: ba a raba gadon mamacin ba, magada da yawa, wasu ba sa gari, takardun motar kuma ba wanda ya san inda suke. Fijon Anka ta fi muni a ido, gilashin baya a fashe, kujeru sun zama gidan ɓera, amma ƙashin bayanta lafiya lau, injin ya juya da aka sa hannu, mai ita kuma yana raye da takardunsa a cikin leda.

Kawu ya yi kwana uku bai ce komai ba. Na gane ba Marsandin kaɗai yake wa bankwana ba, har da wani matashin malami da ya taɓa tsayawa bakin titi yana kallon irinta tana wucewa. Zaɓi yana da wannan ɗacin, kuma karin maganar ba ta yi alkawarin cire shi ba. A rana ta huɗu ya aika aka jawo Fijo daga Anka.

Abin dariya, bayan wata guda dattijon da kansa ya zo ya ce akwai wata 504 da ta yi hatsari, injinta ya mutu amma ƙofofi da gilasai da fitilu na nan garau, a saye ta kafin 'yan gwangwan su riga mu. Kawu ya harare shi ya ce, "Kai da ka ce taura biyu ba ta taunuwa?" Ya ce, "Malam, wagga ba taunawa za mu yi ba, yanka ta za mu yi mu ciyar da waccan."

Yanzu wata na bakwai ke nan. An gama walda, injin ya tashi, saura fenti da kujeru. Kawu ya nace sai fara, irin ta motocin gwamnati na da, mai fenti kuma yana ta lallashinsa a kan ruwan toka, wai ita ta fi ɓoye ƙurar hanyar Daki Takwas.