Kwana Biyu Ba Ƙira Ba Ne

A bara gidan rediyon da nake aiki ya tura ni wani kwas na mako uku a birnin Lil da ke arewacin Faransa. Ranakun Asabar da Lahadi ba karatu, ga sanyi, ga kewar gida. Wata abokiyar kwas ta ce in raka ta wani ɗan ɗakin koyon sana'a inda ake koya wa mutane yin kayan ado da yumɓun azurfa cikin kwana biyu. Na ɗauka ban ji da kyau ba. Ina yumɓu, ina azurfa? Na biya Yuro 120, kusan jika 79 na sefa, don kawai in ga ƙarshen zancen.

Ashe gaskiya ne. Abin ya samo asali daga Japan a farkon shekarun 1990, inda kamfanin Mitsubishi Materials ya fito da shi, daga baya wani kamfanin, Aida Chemical Industries, ya fito da nasa mai suna Art Clay. Azurfa ce ake mayarwa gari mai laushi ƙwarai, a kwaɓa ta da ruwa da wani danƙo da wuta ke cinyewa. In ka taɓa shi sai ka rantse laka ce irin wadda muke gina shanu da ita muna yara. Mu takwas ne a ɗakin, kowa da giram 10 a gabansa. Malamar ta sa muka shafa man zaitun a hannu don kada ya manne. Aka jera katin karta hagu da dama don kaurin ya zo daidai, muka murza, muka yanka, wasu suka danna ganye a kai ya bar zanensa. Sai a busar da shi sarai, a goge gefunansa, sannan a kai shi wuta: ko dai tanda mai zafin digiri 650 zuwa 900, ko ƴar fitilar gas ta hannu. Danƙon ya ƙone, ƙwayoyin azurfar su manne da juna ba tare da sun narke ba, domin azurfa ba ta narkewa sai zafi ya kusa digiri 962. Abin yakan tsuke da kusan kashi ɗaya cikin goma, ya fito fari fat kamar alli. Sai an bi shi da burushin waya an goge sannan ƙyallin ya bayyana.

Na farko da na yi ranar Asabar ya lalace. Na yi gaggawa ban bari ya bushe ba, ruwan da ya rage a ciki ya zama tururi, ya kumbura fuskar ta fashe. Ranar Lahadi na yi haƙuri, kuma na zaɓi abin da na fi sani a duniya: abin wuyan mahaifiyata, wanda ake kira kuros ɗin Agadas, Abzinawa kuma suna ce masa tanaghilt. Zobe a sama, jiki mai kusurwa huɗu, kowace kusurwa da ɗan ƙullinta. Da ya fito daga wuta aka goge shi, duk ɗakin suka taru a kaina suna yabo. Ni ma, in faɗi gaskiya, kaina ya kumbura fiye da na ranar Asabar.

Da na komo Yamai, wata abokiyar aikina ta gani ta ce, "Ke, wannan ai kuɗi ne! Mu yi odar yumɓun nan, ki riƙa yi, ni kuma in riƙa sayar wa Turawa ta intanet. Kuros ɗin Agadas, aikin hannu daga Nijar. Ina ƙarya a ciki?" Na duba maganarta kalma bayan kalma, ban sami ƙarya ba. Siffar ta Agadas ce, hannu ne ya yi, ni ƴar Nijar ce. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wannan rashin kwanciyar ne ya sa na zauna ina tambayar kaina: me ke ba aiki daraja, kuma yaushe mutum ke da haƙƙin ɗaukar sunan masu sana'a?

Amsar farko da ta zo mini ita ce wadda muka taso da ita: sai an sha wuya akan sha daɗi. Maƙerin farfaru yana fara zuga tun yana yaro, ya yi shekaru yana kallon hannun ubansa kafin a bar shi ya taɓa azurfa. Kuros ɗin gaske sai an siffanta shi da kakin zuma, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar azurfa a gurbinsa, a fasa yumɓun, sannan a shiga aikin magagari da zane. Kowane guda sai an fasa masa mazubinsa, shi ya sa ba biyu da suke zama ɗaya sak. Ni kuwa kwana biyu, a ɗaki mai ɗumi, ana ba ni shayi. Ta wannan ma'auni aikina ba shi da daraja, tunda ban sha wuya ba.

Amma da na ƙara tunani sai na ga ma'aunin bai tsaya da ƙafafunsa ba. In wuya ce daraja, to matar da ke tafiyar kilomita biyar ɗiban ruwa ta fi mai famfo kyawun ruwa ke nan, kuma bai kamata mu yi mata fatan rijiya a ƙofar gida ba. Akwai kuma wani abin da ban so tunawa ba. A gida, ko shekara ashirin zan yi ina roƙo, ba wanda zai zaunar da ni gaban uwar maƙera. Ni mace ce, kuma ba ƴar gado ba ce. A wajen Inadan, maƙeran Abzinawa, maza ke aikin ƙarfe, mata ke aikin fata. Wuyar da nake yabo tana da ƙofa, kuma ƙofar a rufe take ga irina. Yumɓun Japan ne ya buɗe mini ita. Ta yaya zan ce sauƙin da ya shigar da ni laifi ne?

Sai na ɗauki abin wuyan na nufi unguwar Wadata, inda masu sana'ar hannu suke, wajen wani dattijo mutumin Agadas wanda shi ke gyara wa mahaifiyata ƴan kunne da awarwaro tun ina ƙarama. Na je ne a shirye in sha faɗa. Na gaishe shi, na miƙa masa, na faɗi yadda aka yi. Ya auna shi a tafin hannu, ya juya, ya goga a wani dutse, ya yi shiru.

"Ɗiyata," ya ce, "azurfarki ta fi tawa kyau."

Gaskiya ya faɗa. Abin da ke fitowa daga yumɓun nan azurfa ce kusan zalla, 999 cikin 1000. Wadda aka fi ƙera kayan ado da ita a duniya 925 ce, sauran jan ƙarfe. Tsofaffin kuɗin Turawa masu hoton Mariya Tereza da shekarar 1780 a jiki, waɗanda kakanninsa suke narkarwa, ba su ma kai haka ba, 833 ne. Na fara murmushi. Sai ya sa babban yatsa ya danna kusurwa ɗaya, ta ɗan lanƙwashe.

"Amma ba za ta shekara a wuyan mai daka ba. Azurfa zalla taushi gare ta. Muna sa mata jan ƙarfe ne don ta jure zufa da goyo da aikin gida." Ya juya bayan abin, ya ga wayam. "To in ya karye, wurin wa za a kai shi?"

Na ce, "Baba, ban yi tunanin wannan ba."

Ya ɗauko nasa guda ya nuna mini bayansa, ga sunansa a zane da rubutun Tifinag. Ya ce duk wanda ya saya, ko bayan shekara goma ya dawo da shi, zai gane aikinsa ne, zai gyara. In kuma aka gano ya ha'inci wani a awo ko a gami, ba shi kaɗai zai ji kunya ba, har ƴaƴansa da ke zaune a rumfar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bai yi fushi da sauƙin ba ko kaɗan. Ya nuna mini fitilar gas a gefensa ya ce mahaifinsa bai san ta ba, zuga-zugi da gawayi kawai ya sani, kuma da ya ga irinta da ya saya. Ya tambaye ni nawa ake sayar da giram ɗin yumɓun, na faɗa, ya yi dariya har da tafa hannu, domin ya fi ɗanyar azurfa tsada nesa ba kusa ba. Ya ce in na sake tafiya in zo masa da kaɗan ya gani da idonsa. Abin da ke damunsa daban ne: baƙin da suke zuwa Agadas a da sun ɗauke ƙafa saboda rashin tsaro, duk da cewa UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, ga kuma na bogi da inji ke bugawa ana sayarwa da sunansu, ga mu ƴan gida da muke yabon aikin da baki amma mu taya shi kamar muna sayen tumatir.

A kan hanyar komawa gida sai na ga ashe kaina na je tambaya. Shekara da shekaru ina ƙorafi a kan masu ɗaukar murya da waya su watsa a WhatsApp suna kiran kansu ƴan jarida. Kullum abin da nake cewa shi ne ba su sha wuyar da muka sha ba, ba su zauna aji a IFTIC ba, ba su san tashin asuba don labaran safe ba. Na manta cewa lokacin da na fara aiki, tsofaffin gidanmu waɗanda suka yi zamanin yanka zaren kaset da reza suna liƙawa, haka suke kallona da kwamfutata. Sun ce na samu a sama. Ashe duk ƙarni yana ɗaukar wuyarsa ita ce sana'ar.

Wuyar ba ita ce sana'ar ba, amma ba banza take ba. A cikin shekarun nan na zuga, yaro yana koyon abin da kwana biyu ba sa koyarwa: yadda kaya ke karyewa, fuskar mai kaya in ya dawo da shi, faɗan uba in an yi ha'inci, sanin cewa gobe ma a nan za a same ka. Wuya hanya ce kawai, abin da ake ɗaukowa a kanta shi ne amana. In aka sami gajeriyar hanya zuwa ga siffar abu, madalla, kowa ya bi. Amma ban ga gajeriyar hanya zuwa ga amana ba, domin ita sai an daɗe ana gwada mutum. Laifin mai watsa jita-jita da waya ba sauƙin wayarsa ba ne. Laifinsa shi ne in labarin ya karye ba wurin da za a kai shi, ba suna a bayansa, ba wanda zai fito gobe ya ce na yi kuskure. Wanda kuma ya tsaya da sunansa, ya tantance kafin ya faɗa, ya gyara in ya ɓata, to abokin aikina ne ko bai taɓa ganin ƙofar makarantar jarida ba. Wannan ya yi mini ɗaci kafin in haɗiye shi.

Da haka na gane inda ƙaryar take a maganar abokiyata. Ba a cikin kalmomin take ba, tana cikin abin da mai saye zai fahimta. In ya karanta "kuros ɗin Agadas, aikin hannu daga Nijar", dattijon nan zai gani a ransa, da rumfarsa, da kakanninsa, kuma kuɗin wannan hoton zai biya. Ni kuma in karɓe. Zan sayar da amanar da wasu suka tara a tsawon zamani, in miƙa kayan da ban san ko zai kai baɗi ba. Mu masu aikin magana mun fi kowa sanin cewa ana iya jera gaskiya uku su haifi ƙarya. Kama da wane ba ta wane. Na ce mata ba da ni ba, kuma har yau tana ganin na yi wauta.

Akwai abin da ban gama warwarewa ba. Ita siffar, ta wa ce? Ana lissafa irin waɗannan kuros har 21 a Nijar, kowanne da sunan wurinsa, akwai na Ingal, na Iferwan, na Tawa, na Damagaram. Ba mutum ɗaya ya ƙirƙire su ba, kuma sun daɗe suna yawo daga hannu zuwa hannu. Ban ga laifi ba in na kwaikwayi na mahaifiyata don in sa a wuyana. Amma da a ce wani kamfani a Turai zai buga dubu ɗari ya rubuta gaskiya tsantsa a jiki cewa inji ne ya yi, ba ƙarya ko ɗaya, har yanzu ina jin an ɗauki wani abu ba a biya ba. Gaskiya kaɗai ba ta rufe wannan ramin ba, kuma ban san abin da zai rufe shi ba.

Kafin in bar rumfar ranar nan, dattijon ya miƙe kusurwar da ya lanƙwasa, ya goge abin da tsumma, sannan ya miƙo mini ɗan ƙarfen da yake zane da shi.

"Rubuta sunanki a baya, ɗiyata," ya ce. "Kada wata rana a ce nawa ne."

Hannuna na rawa na rubuta, haruffan suka fito a karkace. Yana wuyana yanzu, kuma duk wanda ya tambaya nakan ce ni na yi shi, a kwana biyu, da yumɓun Japan, sannan in yi masa kwatancen rumfar Baba.